Kwandon Ya da Kwandon Ta

Wata ranar Litinin ce a farkon watan Satumba, shekarar da na cika shida, Malama Rifkatu ta shigo ajinmu ɗauke da kwanduna biyu, ɗaya cikin ɗaya, ruwa na ɗiga daga bakin ɗankwalinta. Tun da sassafe ake tsuga ruwa a Kabong, har da ƙanƙara, kwanon rufin ajin yana ta ƙara kamar ana watsa masa tsakuwa, mu kuwa mun takure a kan benci, kowa ya cusa hannu cikin rigar sanyi. Makarantar tamu 'yan ɗakuna ne a bayan coci, tagoginsu na katako, in an rufe a sha duhu, in an buɗe a sha feshi. Malama ta ajiye kwandunan a gaban allo, ta ɗaura wa ɗaya jan ƙyalle, ɗayan ta bar shi haka nan. Sai ta ciro dutse daga jakarta, ta ɗaga shi sama, ta sake shi cikin kwandon da ba shi da ƙyalle. "Dutse ya faɗi," in ji ta. Ta ciro albasa, ta sake ta cikin mai jan ƙyalle. "Albasa ta faɗi." Ta dube mu tana murmushi, mu ma muka zuba mata ido, don babu ko ɗaya a cikinmu da ya ji abin da ya raba faɗuwar dutse da faɗuwar albasa.

Malama Rifkatu Bahaushiya ce daga wani ƙauye a ƙasar Kano, aure ne ya kawo ta Jos. In tana magana sai ka ji kalmomin suna fita sumul, kowace da cikakken jikinta, ba kamar tamu Hausar ba da muke yankewa muna haɗawa da Turanci a filin wasa. A ajin namu akwai 'ya'yan Berom irina, akwai Ngas, akwai 'ya'yan Ibo masu shaguna, kowa da yaren da ake yi masa faɗa da shi a gida, amma da Hausa muke wasa, da ita muke rigima, da ita muke shiryawa. Shi ya sa Malama ta dage a kan cewa da ita za mu fara karatu kafin a kai mu ga Turanci. Sai dai a Hausarmu kowa namiji ne. Mama ya zo, Ladi ya tafi, akuya ya haihu. A yarenmu na gida babu wannan rabe-raben, kalma ɗaya ce take ɗaukar mace da namiji, don haka ban taɓa sanin akwai wani abu a wurin da za a saurara ba. Ƙaramar kalmar tana wucewa ta kunnena kamar numfashi.

Daga ranar, wasan kwanduna ya zama abin da muke ɗokin zuwa makaranta dominsa. Kowa yakan zo da wani abu daga gida, wani cokali, wata zangarniyar masara, wani murfin kwalba, wata tsohuwar hular ƙanenta. Za ka tsaya a gaban aji, ka ɗaga abin, ka faɗi jimlarka da ƙarfi, sannan ka sake shi. In ka dace a tafa maka, in ka kuskure Malama ta kama kunnenta ta ɓata fuska kamar an tsunkule ta, ajin ya fashe da dariya. Bayan nan mu rubuta ya da ta a kan allunanmu na hannu, mu goge da yawu da gefen riga, mu sake rubutawa. Ni dai abin ya shiga raina fiye da kowa. Na gano cewa rana mace ce, wata kuma namiji, iska mace, ruwa namiji, sai duniya ta cika min da mutane. In ina dawowa gida nakan gai da bishiyar mangwaron bakin hanya kamar wata gwaggo, in kauce wa manyan duwatsun bayan gidanmu cikin ladabi kamar dattawa suna zaune. Akwai maganar da Malama take maimaitawa kullum, yatsanta a sama: "Ku buɗe kunne. Wannan 'yar kalma ba ta ƙarya. In kun ji ya, ku nemi namiji. In kun ji ta, ku nemi mace." Na riƙe maganar kamar yadda na riƙe addu'ar cin abinci, ban taɓa tunanin tana da wurin da ba ta aiki ba.

Gidanmu yana can ƙarshen unguwa, inda gine-gine suke ƙarewa duwatsu su fara. Mu huɗu ne a ciki. Babana, Pam, kafinta ne a Laranto, yakan fita da safe da dogon takalminsa na roba saboda taɓo, ya dawo da yamma yana ƙanshin katako, garin zarto a gashin kansa. Mama tela ce, keken ɗinkinta yana baranda, ƙararsa ce agogon gidan. A shekarar tana da tsohon ciki, amma a gidanmu ba a yi wa yara irin wannan bayani, ni dai na ga ta yi nauyi, na ɗauka haka manya suke yi wani lokaci. Sai Kaka, mahaifiyar Baba, 'yar ƙaramar tsohuwa mai saurin tafiya da saurin faɗa, wadda take da gonar acca a bayan duwatsu, kewaye da shingen ƙerana mai farin ruwa da aka hana mu taɓawa. Aikina shi ne ɗebo ruwa a rijiya da ƙaramin bokiti, da wanke kwanuka da toka, da tsince yakuwa da gauta in za a yi gwate, wato faten acca. Idan acca ta fara fitar da kai kuwa, bayan makaranta nakan hau kan wani faffaɗan dutse da gwangwanin madara cike da tsakuwa, in yi ta kaɗawa ina korar tsuntsaye. Jikin katangarmu kuma akwai shagon Mama Chidi, wata Ibo mai fara'a da babbar murya, ƙawar Kaka. Ita ba ta jin Berom, Kaka ba ta jin Ibo, saboda haka da Hausa suke hirarsu ta kullum.

Wata rana da la'asar Mama ta aike ni sayen ashana. Na tarar da Kaka zaune a kan benci a bakin shagon, ta sunkuyar da kai, Mama Chidi ta dafa kafaɗarta. Ba su gan ni ba, don durom ɗin kananzir ya fi ni tsawo. Na ji Kaka tana cewa da ƙaramar murya, irin wadda ban san tana da ita ba: "Ƙafan shi ya kumbura, fuskan shi ma ya fara. Likita ya ce jinin shi ya hau, ya zo ya kwanta a asibiti, shi kuma ya ƙi. Mama Chidi, tsoro nake ji. In aka yi wasa, ba zai ga yankan acca ba." Mama Chidi ta buga cinya. "Chineke! Mama, kar ka faɗi haka da bakinka. Allah ba zai yarda ba." Da a ce kafin zuwan kwanduna na ji wannan magana, da na tsaya na tambayi kaina ko wa ake nufi. Amma yanzu ni mai ilimi ce. Na ji ya, na ji shi, na ji zai, na nemi namiji kamar yadda aka koya min, kuma namiji ɗaya ne tak a gidanmu. Ko ka ɗin da Mama Chidi ta ce wa Kaka bai farkar da ni ba, don ba mu kai wannan darasin ba tukuna. Na juya a hankali na koma gida babu ashana. Da Mama ta tambaya na ce shago a rufe yake.

Ban gaya wa kowa ba. Na ji Mama Chidi ta ce kada a faɗa da baki, sai na fahimci cewa faɗin ne zai sa abin ya faru. Na rufe bakina, na buɗe idona a kan Baba. Da yamma in ya shigo, kafin ya zauna na riga na kawo ruwa a roba, in durƙusa in ja masa dogon takalmin da dukan ƙarfina, in wanke masa ƙafa ina dubawa. "Kai, jama'a, ku zo ku ga ladabi," yakan ce yana dariya. "Kaneng, me kike so in sayo miki? Faɗi gaskiya." Ni kuwa ba na iya dariya. Na tsinko zare daga keken Mama, na auna idon sawunsa da shi, na ƙulla alama, na ɓoye zaren a ƙarƙashin tabarmata. Kowace yamma in yi kamar ina wasa, in zagaya zaren. Mutumin da ya wuni a tsaye cikin takalmin roba, dole wata rana ƙafarsa ta ɗan tashi, amma ni ban san haka ba. Duk ranar da ƙullin ya ƙi haɗuwa, sai in ture kwanon tuwona ban ci ba. Da safe in raka shi har bakin titi, in tsaya ina kallon bayansa har ya shiga mota, ina haddace yadda yake tafiya, da yadda yake karkata kafaɗa ɗaya, don in ya tafi ke nan in sami abin tunawa.

A cikin kwanakin nan keken ɗinkin Mama ya yi shiru, an rufe shi da tsohon zani. Takan wuni a zaune a baranda, ƙafafunta a kan kujera 'yar tsugunno, jiƙaƙƙen tsumma a goshinta, tana cewa hasken rana yana damun idonta. Duk na gani, amma kunnena ya riga ya yanke hukunci, idona bai isa ya musa ba. Har haushinta na ji, domin ta daina sa takalmanta, ta koma sa manyan silifas ɗin Baba. Raina ya ce, mutum ba shi da lafiyar ƙafa, ita kuma ta ƙwace masa takalmin hutawa. Sau da yawa in ta yi gyangyaɗi nakan zare su a hankali in kai ƙofar ɗakin Baba in jera, ita kuma in ta farka ta yi ta kira, "Kaneng, wai aljanu ne suke kwashe min takalmi a gidan nan?"

Abin da ya fi tsorata ni shi ne gonar Kaka. Da can ina son ganin acca tana kaɗawa in iska ta biyo ta kan duwatsu, siririya kamar gashin jariri. Yanzu ta zama min abokiyar gaba. Kullum in na hau dutsena sai in ga ta ƙara sauya launi, koren yana janyewa, rawaya tana shigowa daga gefe. Ruwan sama ya fara ja baya, na yi ta roƙon Allah ya dawo da ƙanƙara. Daga nan wata dabara ta zo min: in babu acca, babu yankan acca, in kuma babu yankan acca, babu ranar da Baba zai kasa gani. Sai na ajiye gwangwanina a gefe, na zauna shiru, hannuwana a cinya. Tsuntsayen suka fara sauka ɗaiɗai, suna kallona da gefen ido, can suka sauko gaba ɗaya kamar an zazzage buhu. Ina raɗa musu, ku ci, don Allah ku ci da sauri. Haka Kaka ta same ni wata yamma. Ta yi kururuwa, ta jefi tsuntsayen da hoge, ta ja kunnena har gida tana faɗa da yare da Hausa a haɗe, wai makaranta ta mai da ni gunki. Ban yi kuka ba. Ina kallon bakinta ne kawai, bakin da ya san abin da na sani, ina mamakin yadda har take iya damuwa da acca.

A makaranta ma na zama wata daban. In an fita shan iska, ƙawayena suna 'yar gala-gala a ƙasa mai laima, wasu suna carabke da tsakuwa a gindin bango, ni ina tsaye a bakin shinge ina kallon hanyar Laranto, ina jiran in ga wani ya taho da gudu ya kira sunana. Wasan kwanduna da nake so ya koma min abin fargaba, duk abin da aka saki cikin kwandon ya sai in ji ƙarar faɗuwarsa a cikin ƙirjina. A lokacin mun gama ba, be, bi, bo, bu da 'yan'uwansu, mun shiga haruffa masu lanƙwasa. Malama takan sa mu dafa maƙogwaro mu ji yadda ɓ da ɗ suke fita, mu yi ta ɓaɓatu kamar kwaɗi. Ranar da aka zo kan ƙ, ta zana ta babba a allo, ta ce, "Ku dube ta da kyau. K ce, amma ta ɗauko lauje za ta gona." Yara suka yi dariya. Ta ce ƙofa, muka amsa. Ta ce ƙwai, muka amsa. Sai ta miƙo min alli, ta ce in zo in rubuta ƙafa. Na tashi, na isa gaban allo, na ɗaga hannu. Ga lauje a gabana, ga ƙafa a kunnena. Allin ya faɗi ya karye, kukan da na danne tun ranar ashana ya ɓalle gaba ɗaya.

Malama ta sallami ajin su fita wasa, ta zaunar da ni a cinyarta, ta goge min fuska da bakin zaninta mai ƙanshin sabulu. "Kaneng, harafin ne ya cije ki?" Na girgiza kai. Ta jira, ba ta matsa min ba, har na kasa riƙewa, na ce, "Baba zai mutu." Ta tambaye ni wa ya faɗa min. Na maimaita mata maganar Kaka kalma bayan kalma, don na haddace ta fiye da kowane darasi, na ƙara da cewa ai ita ce ta ce in mun ji ya mu nemi namiji. Na ji hannun Malama ya ƙara riƙe ni. Sannan ta ce a hankali, "Rufe idonki. Idan Mamanki ta dawo daga kasuwa, me Kaka take cewa? Ki faɗa min yadda take faɗa, da muryarta." Na rufe ido. Na ga baranda, na ga Kaka tana tankaɗe, na ji muryarta sarai kamar tana cikin ajin: Matan Pam ya dawo. Silifas ɗin Baba suka zo min a ido, da keken ɗinki a rufe, da jiƙaƙƙen tsumma. Duk kwanakin nan ina gadin ƙofa ɗaya da zare a hannu, ashe abin tsoron yana zaune a baranda, ina wucewa ta gabansa da bokitin ruwa. Tsoron da na ji a da ya zama ƙarami. Na zame daga cinyar Malama zan ruga, ta kama hannuna, ta ce tare za mu tafi.

Ta bar ajin a hannun malamar ɗakin kusa, muka bi ta tsakanin gidaje, ina janta tana jana. Mama tana inda na bar ta. Ban ko gaishe ta ba, na durƙusa na zare silifas ɗin, na ga ƙafafun da ban taɓa dubawa ba, sun cika sun yi sheƙi, babu alamar idon sawu. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa. "Ke kuma lafiya?" in ji Mama. Malama ta ce, "Sannu da gida, Maman Kaneng," ta nemi su shiga daga ciki. Na tsaya a bakin labule. Na ji Mama tana cewa ai ba za ta je ta kwanta ta bar yarinya da tsohuwa ba, ga aikin gona ya taho, wa zai duba gidan. Na ji Malama ta ce, "Yarinyar da kike tsoron bari ta daɗe ba ta cin abinci saboda maganar nan. Ita kaɗai take ɗauke da ita." Sai na ji Mama tana jan hanci. Aka aika Laranto aka kira Baba, ya zo da tasi har ƙofar gida. Kafin ta shiga motar, Mama ta riƙe fuskata da hannuwanta masu zafi, ta ce, "Ki kore min tsuntsayen nan da kyau. In na dawo, gwaten sabuwar acca zan ci." Motar ta tafi tana tangaɗi a kan duwatsu, silifas ɗin Baba suna ajiye a baranda, babu mai sa su.

Na koma kan dutsena da gwangwani, na yi ta kaɗawa har hannuna ya yi kanta. Yanzu ban san abin da zan roƙa ba. In acca ta nuna, ranar da Kaka ta ambata ta zo. In ba ta nuna ba, Mama ba ta da abin da za ta dawo ta ci. Ba a barin yara shiga asibitin, Baba da Kaka suke karɓa-karɓa, ni kuma a gidan Mama Chidi nake cin abinci, tana cika min kwano tana cewa, "Ci, my pikin, yarona, ka ci, Mamanka zai dawo." Duk wanda ya dawo daga asibiti nakan karanta fuskarsa tun daga nesa, yadda muke karanta allo, harafi bayan harafi. A aji kuwa, Malama ta ƙara wani abu a darasinta. Bayan ta ɗaga yatsa ta faɗi maganarta ta kullum, sai ta ce, "Amma in a bakin tsofaffinku kuka ji ya, kada ku yi sauri. Ku tambaya: wa?"

Ranar yankan acca ta zo ba tare da ta nemi izinina ba. 'Yan'uwan Baba suka zo daga ƙauye da lauje, suka shiga gonar suna waƙa, ana ɗaure dammuna ana jerawa a kan dutse. Baba da Kaka ba sa nan, tun jiya suke asibiti, kuma babu wanda ya gaya min dalili. Na zauna a gindin shinge, ina ƙirga kowane sara na lauje. Rana ta take tsaka sai na hango Kaka ta ɓullo ta tsakanin duwatsu, ta tattare zani, tana sauri irin nata, hannu ɗaya a sama. Masu yanka suka miƙe tsaye. Tun daga nesa take ihu: "Ya sauka! Ya sauka lafiya!" Na ruga na ci karo da ita, na riƙe zaninta, na ce, "Wa? Kaka, wa?" Ta dube ni kamar na zare. "Mamanka mana! Wa kuma? An yi mishi aiki, ya haifi yarinya, ƙarami kamar ɓera, amma yana kuka, yana shan nono." Na ce, "Ta sauka, Kaka. Ta." Kaka ta zauna a kan dami tana haki, hawaye na bin tamojin fuskarta. "Ya, ta, ku da Malamanku ku je ku raba. Ni dai bai mutu ba." Matan suka rangaɗa guɗa, ni kuwa na kwanta a kan karan acca, na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba, da rana tsaka, ana ta waƙa a kaina.

Mama ta dawo a rame, tana tafiya a hankali cikin takalmanta na kanta, da ƙanwata Simi a naɗe cikin tawul. Ta ci gwatenta a baranda, accar ba ta yi auki ba a shekarar, kowa kuma ya san dalili, har yau in an taru sai an tsokane ni da cewa na yi wa tsuntsayen Kabong biki. Jimlar farko da na rubuta ni kaɗai, ba a ce in rubuta ba, da gawayi na yi ta a bangon kicin: ta dawo.

Yanzu ni ma malamar ƙananan yara ce, a wata makaranta kusa da Tina Junction. Ajina yana da tagogin gilashi da kujerun roba masu launi, haruffa suna manne a bango da hotuna, yaran kuma sun zo da waƙoƙin Turanci da suka koya a wayar iyayensu tun kafin su iya ɗaure takalmi. Duk da haka ina da kwanduna biyu a bayan ƙofa, ɗaya da jan ƙyalle, kuma har yanzu suna dariya in na kama kunnena. Gonar Kaka ta zama gidajen bulo, an fasa dutsen da nake zama a kai an yi harsashi da shi, Malama Rifkatu ta koma garinsu tun ina sakandare, ban sake jin labarinta ba. Bara Kaka ta kwanta ciwon tsufa. Wata safiya ina tsakiyar darasi wayata ta yi ƙara, Mama Chidi ce, muryarta ta tsufa amma ba ta rage girma ba. Ta ce, "Kaneng, ka yi haƙuri. Ya tafi." Na san wadda take nufi, babu wani kokwanto a raina. Amma na juya wa yaran baya, na dubi kwandunan nan biyu, na ce, "Wa?" don kawai in ƙara samun numfashi ɗaya da Kaka take raye a cikinsa.

Har yau in na ji an ce ya, zuciyata takan tsaya ta duba mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya.